Geron da Babu Tsakuwa

Ni mace ce mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wannan hali nawa ba. Na daɗe ina sayar da tuwo da fura a bakin tashar Madawa, kuma wanda duk ya daɗe a wannan sana'a, ko dai ya koyi zargi ko ya rufe rumfa. Mai kawo mini daddawa sai na ɓantare ta na shinshina a gabansa. Mahauci ya san ba ya yanka mini nama ina kallon wani wuri. 'Yan siyasa kuwa tun daga nesa nake gane su. Mutumin da bai taɓa cin tuwona ba, rana tsaka ya zo da farar shadda ya zauna a bencina, ya lashe yatsa ya ce miyata ta fi ta gidansa, to na san zaɓe ya matso. Direbobi suna tsokanata cewa ko ruwan zamzam aka miƙo mini sai na tambayi wanda ya ɗebo. Nakan yi dariya, amma ba ƙarya suka yi mini ba.

Mutum ɗaya ne ban taɓa zargi ba, shi ne yayana. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari. Shi yana ƙauyenmu, can gaba da Buza ta wajen Tabotaki, yana noma gonar babanmu. Ni aure ya kawo ni Madawa, maigidan ya rasu, na ci gaba da zama da 'ya'yana da tukwanena. Gonar ba a taɓa raba ta ba. A wajenmu idan 'yan'uwa na zaman lafiya ba a gaggawar rabon gona: namijin da ke gari ya noma, kaka ta yi ya aika wa 'yar'uwarsa da nata. Ba a aunawa a gaban kowa, ba a cewa ya yi kaɗan, ba a kuma mayar da tukuici, domin ba kyauta ba ce. Zuwan buhun shi ke nuna har yanzu gida ɗaya ne.

Duk shekara bayan an gama sussuka, wani dattijon direba mai bin kasuwannin yankinmu yakan sauke mini buhu biyu a bayan rumfa. Bakin buhun ɗaure yake da igiyar kaba, da irin ƙullin yayana wanda sai na sa haƙori kafin ya kwance. A can sama kuma matarsa takan cusa mini ƙunshin busasshiyar kuɓewa. Wannan gero ba na dafa wa masu saye shi. Na gida ne, ni da yara.

Geron gonarmu ba shi da kyan gani. Ƙwayarsa ƙanana ce, baƙi-baƙi, kuma cike yake da jar tsakuwa, saboda gonar tana gindin dutse, masussukar ma a kan fako take. Sai na rege shi sau uku, kuma duk da haka akan samu wadda ta tsere. Ina da haƙorin da ya tsage a kan tsakuwar nan, kuma babu shekarar da ban zage ta ba, ita da dutsen da ya haife ta. Amma idan aka kirɓa furarsa aka dama da nono, ƙanshin sai ya kai ƙofar gida, kuma mutum zai yini bai nemi komai ba.

A shekarar da nake ba da labari, ana haramar zaɓe, buhunan suka iso a kan lokacinsu. Igiyar kaba ce, ƙullin shi ne, kuɓewar ma tana nan. Na ɗebi tiya guda na zuba a ƙwarya, na sa ruwa na fara regaya. Na juya, na tsiyaye, na duba gindin ƙwarya, babu komai. Na sake, babu tsakuwa ko ɗaya. Sai a lokacin na ɗebo geron a tafin hannu na fita haske da shi. Ƙwayar manya ce, fari-fari, kuma da na kai hanci sai na ji warin sito da na maganin ƙwari. Duk da haka na surfa, na daka, na yi fura na kurɓa. Fura ce, ba ta da laifi, amma ba tamu ba ce.

Da direban ya dawo mako na gaba, na zuba masa tuwo da miya mai yawa, na bari ya kai rabi, sannan na tambaye shi a ina aka ɗora masa kayana. Ya ce a kasuwar Tabotaki. Na ce ai a bakin hanyar ƙauyenmu aka saba ɗorawa. Sai ya yi kamar loma ta shaƙe shi, ya nemi ruwa, ya ce shi dai direba ne, abin da aka ba shi yake kawowa. Mutumin da kan ba ni labarin auren kowa da sakin kowa daga Buza har Keita, ranar nan bai gama tuwonsa ba ya ce fasinja na jiransa.

Na kira yayana a waya. Mun gaisa, na tambayi damina, ya ce sai godiya. Na tambayi gona.

"Gona tana nan inda kinka baro ta," in ji shi, ya yi 'yar dariya.

Dariyar ce ba ta kwanta mini ba. Ta yi gajarta, kuma nan da nan ya koma tambayar yara.

A lokacin rumfata ta zama majalisa. Kowa ya ci ya ƙoshi sai ya zama masanin siyasa. Wannan ya ce jam'iyya kaza ta raba atamfa a unguwarsu, wancan ya ce su gishiri aka ba su, wani ya ce shi zai karɓi na kowa ya zaɓi wanda ya ga dama. Da ina jin su ne da kunne ɗaya. Amma sai aka fara maganar wani attajiri ɗan takara, wanda aka ce yana bi ƙauyukan bayan Buza yana sayen gonaki a ɓoye, zai haƙa rijiyoyi ya zuba albasa. Ba wanda ya taɓa ganinsa, kowa dai ya ji daga wani. Wani ɗan tireda da ya sauko daga Keita ya ƙara da cewa shi da idonsa ya ga mutane da farar mota suna awon ƙasa, suna shafa jan fenti a kan duwatsu. Ina kwashe tuwo ina haɗa zancen a raina: geron kasuwa, direban da ya kama bakinsa, gajeruwar dariya, jan fenti. Ranar na sa wa miya gishiri sau biyu, abin da ban yi ba tun ina amarya.

Ba don buhun gero biyu nake wannan tashin hankali ba. Rabin gonar nan da fako ce, ko ciyawa ba ta fitowa. Ina yarinya masu aikin gyaran ƙasa suka zo yankinmu, waɗanda muke kira 'yan furoje, aka ce a jera duwatsu a tare ruwa. Maza da yawa sun tafi ci-rani, mata suka yi aikin. Innarmu ta ɗauki dutse a ka daga gindin tudu har gona, rani bayan rani, ni ina bin ta da ƙanana a tasa. Har ta koma ga Allah wuyanta bai daina ciwo ba. A bayan jerin duwatsun nan ƙasa ta taru, gero ya fito inda ba a taɓa shuka ba. Tunanin wani mai farar shadda yana tsaye a kansu yana nuna inda za a haƙa rijiya shi ya hana ni sukuni har mako biyu.

Na bar wa babbar 'yata rumfa, na ce za ni ta'aziyya, na shiga motar Buza da sassafe. Ban gaya wa yayana ina tafe ba, don kada a gyara abin da zan gani. A cikin mota ma siyasar ce. Wani malamin makaranta da wani mai sayar da albasa suka kaure da gardama tun daga tasha, suka yi shiru da jandarmomi suka tsayar da mu suna duba katin ɗan ƙasa, muna wucewa suka ɗora daga inda suka tsaya. Wani mai doguwar hula da ke kusa da ni ya yi ta tambayata wane ƙauye za ni, gidan wa, wa ya rasu. Na yanke a raina cewa ɗan koren attajirin nan ne, na ba shi sunan wani ƙauye daban. Daga baya na ga ya sauka da buhun maganin dabbobi. Bawan Allah, surutu ne kawai ya yi masa yawa.

Daga Buza na hau kabu-kabu. Hanyar duk duwatsu ce, mai babur yana kauce wa ramuka ina riƙe da ƙarfen baya ina salati. Da muka kai mashigin ƙorama, kafin a shiga gari, na ce ya sauke ni. Ya ce ai da saura. Na ce ƙafata ta yi sanyi, ina so in taka. Ina ganin ya juya, na bar hanyar gari na bi ta gona.

Abin da na fara gani shi ne kara, siriri, tsilla-tsilla, wani wurin ma babu. Jerin duwatsun Inna ya ɓalle a tsakiya, ruwa ya yi gebe, ya yanka ƙasa ya wuce. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali abin da ya faru, amma ni ba shi na zo nema ba. Idona ya faɗa kan wani dutse a gefen tudu, da jan fenti a kansa. Na matsa, ga wani a gaba, ga wani kuma. Sai na shiga bin su. Daga gindin aduwa na gangara zuwa tsohon suri, na karya kwana na bi gefen ƙorama, na hau ta wajen gawo na dawo aduwar. Kowace kusurwa sai na tsaya, na duƙa na taɓa dutsen iyaka, in ga ko an gusar da shi. Wasu mata uku suna tara kara a gonar maƙwabta. Na yi musu sannu, suka amsa a sanyaye suna kallon juna, ɗaya daga cikinsu ta bar kayanta a nan ta nufi gari da sauri.

Wallahi ban tuna ba sai da na hango rumbunan gari. A wajenmu magajin da ke zaune nesa, idan ya zo ya zagaye iyakar gona kafin ya shiga gida ya sha ruwa, to ya yi magana ke nan da ƙafarsa: yana neman a raba. Haka ake yi don kada ƙarami ya buɗe baki ya ce wa babba ba ni gadona. Na san wannan tun ina yarinya, na ga an yi a gidan wasu, na ji yadda aka yi ta zancen. Amma zaman birni da jan fenti suka rufe mini ido. Na tsaya a bakin gari ina tunanin in koma, sai na ce ai yayana ne, zan yi masa bayani.

Matarsa ta tarbe ni da ruwa, ba ta haɗa ido da ni ba. Ina sha ina duba tsakar gida, kamar yadda na saba duba komai. Turakun awakinta guda huɗu suna nan, igiyoyi a kwance, babu akuya ko ɗaya. A turmi kuma dawa ce, ba gero ba. Kafin in tambaya ta ce mini yaya yana zaure, yana jirana.

Ba shi kaɗai ba ne. Liman yana nan, da ƙanen maigari, da wasu dattawa biyu da suka san babanmu. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya rame fiye da yadda na san shi, ya sa rigarsa ta Juma'a ko da yake ranar Talata ce.

"Sannu da hanya," in ji shi. "An ce mini kin taka iyaka kahin ki sha ruwan gida."

A nan ya kamata in ce kuskure ne, in nemi gafara, a yi dariya a ce birni ya lalata ni. Da an yi haka, da ya wuce. Amma ganin dattawa a shirye sai ya ƙara mini zargi, na ce a raina ashe har shaidun cinikin an tara.

"Yaya, hatsin da ka aiko min ba na gonarmu na ba," na ce. "In ka saida ta, hwaɗa min gaban mutane."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yayana ya dube ni, sannan ya miƙe.

"Taho ki gani."

Ya kai ni bayan gida, ya jingina tsani a jikin rumbu, ya ɗaga murfin ya ce in hau. Na hau na leƙa. Can ƙasa, dammuna ne da ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ƙanshinsu ya bugo ni, na gonarmu ne sak. Da na sauko, ya ɗauke tsanin ya koma zaure.

Matarsa ce ta ba ni sauran labarin a gindin rumbun. Ta ce a tsakiyar damina aka yi wani ruwa da ya ɓalle jerin duwatsu ya kwashe shuka. Abin da ya tsira kuma murzuna ta faɗa masa, tsutsar nan mai cin zangarniya. Ɗan abin da aka samu ya ce ba mai taɓa shi, iri ne na baɗi. Da lokacin aike ya yi, ya roƙe ta awakinta, ya kora su kasuwar Tabotaki, ya sayo gero, ya ɗaure da hannunsa, ya roƙi direba ya rufa masa asiri. Ta ce ta ba shi shawara ya gaya mini gaskiya, ya ce marayu gare ni, kuma tun rasuwar Baba buhuna bai taɓa fashi ba, ba zai fara a hannunsa ba. Jan fentin kuwa 'yan furoje ne suka zo suka yi alamar inda za a gyara jerin duwatsu. Duk gonakin gindin tudun suna da shi. Da na ɗaga kai na dubi gonar da matan nan ke tara kara, da na gani.

Na koma zaure da kuka, na ce ban zo rabo ba, ba na so, a bar gona yadda take. Liman ya yi mini magana a hankali. Ya ce gari ya riga ya gani, dattawa sun ji da kunnensu. Idan aka bari, gobe bayan ranmu 'ya'yana za su ce uwarsu ta nema an hana ta, 'ya'yansa su ce ba haka ba ne. Na juya wajen yayana na ce shi ya sa baki, shi ne babba, idan ya ce a bari za a bari.

"Takin iyaka ana mance shi," in ji shi, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Amma ke kin aza ni ka iya saida duwatsun Inna ban hwaɗa miki ba. Riƙa naki, hankalinki shi kwanta."

Washegari da hantsi aka fita da igiya. Aka auna, aka ba shi kashi biyu aka ba ni ɗaya, yadda addini ya ce. Ya zaɓar mini gefen gangare, inda ruwa ke kwanciya, wurin da ya fi ko'ina kyau. Kunya ta kama ni da na ji zuciyata tana tambaya ko akwai wani aibu a wurin da ban sani ba. Duwatsun da ruwa ya watsar daga jerin Inna, su ya bi yana tsinta yana jerawa a tsakanina da shi. Na duƙa zan kama masa, ya ce in bari, hannuna na tuwo ne. Da zan tafi ya sauko da dammunan iri, ya ware mini kashina, matarsa ta sussuka ta ƙulle mini a tsumma.

Zaɓe ya zo ya wuce. Attajirin albasa har yau ban ga wanda ya sayar masa da ko taki ɗaya ba, ban ma tabbata an taɓa yin sa ba. Gwamnati ta sauya, masu farar shadda sun daina zuwa yabon miyata, majalisar rumfa ta koma kan tsadar kaya da abin da rediyo ya faɗa. Ni kuma ina nan da halina, ina shinshina daddawa. Wani ɗan kawunmu ke noma mini gefena, buhu yana zuwa ɗaure da igiyar leda, da jar tsakuwarsa, furar kuma ita ce. Na daina zagin tsakuwar. Da yayana ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a waya, ya zo bikin 'yata ya zauna a gaba, babu abin da zan nuna in ce ya rage mini.

Bara gefena ya yi kyau, nasa bai yi sosai ba. Na ce a kai masa buhu guda daga nawa, ba tare da wata magana ba, yadda shi ya yi mini shekara da shekaru. Na yi ta addu'a ya karɓa ya yi shiru. Ya kira ni ya yi godiya mai tsawo, har da sa albarka.

Mako na gaba dattijon direba ya sauke buhu a bayan rumfa, ya tafi bai tsaya cin tuwo ba. Igiyar kaba ce, da ƙullin da na sani. Na sa haƙori na kwance. Wake ne, buhu guda cif, daidai da abin da na aika, irin ramuwar da ake yi wa maƙwabcin kirki. Na tura hannu ta sama ina laluben ƙunshin kuɓewa, babu. Na zuba waken a faifai na zauna zan tsince, sai na tarar an riga an tsince shi tas, yadda ake gyara abin da za a kai gidan mutane.